Tambayi Anti: Otal ɗin da ake kwana a cikin labari, ya ci kuɗinsa kuwa?

Wasiƙu uku na ware a wannan fitowa, duk a kan otal-otal ɗin da ake ginawa a manyan wuraren shaƙatawa, irin waɗanda ake shirya su don mutum ya ji kamar ya faɗa cikin fim ko tatsuniya. Na yi shekaru ina tsara wa iyalai tafiye-tafiye kafin in koma rubutu, kuma ba abin da na ga yana haɗa miji da mata gardama kamar kuɗin ɗaki.

Tambaya: Anti, barka da aiki. Ni magidanci ne, shekaruna 41, kuma tun ina yaro nake son finafinan Star Wars. Da na ji Disney ta gina otal a Amurka inda mutum zai kwana biyu kamar yana cikin kumbo a sararin samaniya, sai na fara tara kuɗi a ɓoye don in kai ɗana. Ko rabi ban kai ba aka ce an rufe wurin. Uwargida ta ce Allah ne ya tsare ni daga damfara. Ni kuwa har yau abin yana raina. Wa ke da gaskiya a cikinmu? — Magidanci mai ɗa ɗaya

Amsa: Malam, ka gaida mini uwargida, ka ce mata Anti ta ce ba damfara ba ce. Ɗan damfara ba ya narka miliyoyin daloli a gini sannan ya garƙame shi da hannunsa bayan wata 19. Amma kai ma kada ka yi saurin tafa wa kanka, don ban ba ka gaskiya duka ba. Wannan tara kuɗi a ɓoye kuma mu bar shi sai wani makon.

Wurin da kake nufi sunansa Star Wars: Galactic Starcruiser, a cikin Walt Disney World kusa da Orlando, jihar Fulorida. An buɗe shi ranar 1 ga Maris 2022, aka sallami baƙin ƙarshe ranar 30 ga Satumba 2023. Ɗaki 100 ne kacal, alhali a wannan fili ɗaya Disney tana da otal mai ɗaki kusan 2,900. Ka riƙe wannan lamba ta 100, don ita ce sirrin daɗin wurin, ita ce kuma ajalinsa.

Farashi mafi sauƙi da aka sanar shi ne dala 4,809 ga mutum biyu, kwana biyu. Iyali mai mutum huɗu kuwa dala 5,999. Wato da kai da ɗanka kun je, kowannenku ya ci kusan dala 1,200 a kowane dare, ban da kuɗin jirgi. A cikin kuɗin akwai ɗaki da abinci da duk wasannin da ake yi a ciki, da tikitin shiga filin shaƙatawa na Hollywood Studios a rana ta biyu.

Ba irin otal ɗin da ka sani ba ne, da za ka zo ranar da ka ga dama ka tafi ranar da ka ga dama. Tare ake shiga, tare ake fita, kamar fasinjojin jirgin ruwa. Ana sa ku a wani ɗan ɗaki mai girgiza kamar yana tashi sama, ƙofa ta buɗe sai ga ku a cikin "kumbo" mai suna Halcyon. Ɗakunan kwana ba taga ko ɗaya, sai allo da ke nuna taurari da duniyoyi suna wucewa. Akwai kyaftin, akwai makanike, akwai mawaƙiya, akwai sojojin nan masu fararen sulke da ke kutsowa su ƙwace jirgin. Dukansu 'yan wasa ne, kuma ba sa fita daga rawar da aka ba su ko a bakin teburin abinci. Ta wata manhaja a wayarka suke turo maka saƙo: je ka ɗakin inji ƙarfe kaza, ɓoye wane, kada ka gaya wa wance. Kai ke zaɓar ɓangaren da za ka bi, ko 'yan tawaye ko masu mulkin kama-karya ko 'yan fasa-ƙwauri. Ana koya wa baƙi sarrafa takobin haske, ana kai su ɗakin tuƙi su kare jirgin daga hari. A dare na biyu kowa ya taru a babban zaure a yi karon ƙarshe a gabansa.

To me ya sa tsadar? Mutane da yawa sun ɗauka kwaɗayi ne kawai. Ban wanke kamfanin daga son riba ba, amma lissafin ya fi haka. Fim sau ɗaya ake ɗaukarsa, miliyoyi su kalla. Lilon ƙarfe sau ɗaya ake kafa shi, ya yi ta kwasar mutane sama da dubu a awa guda. Amma ɗan wasan da zai tuna sunan ɗanka, ya tuna jiya yaron ya yi masa alkawari, ya ja shi gefe ya raɗa masa sirri, wannan ba inji ba ne. Albashi ake biyansa kullum, daga rana har tsakar dare, shi da masu yi masa kwalliya da masu ɗinka masa kaya da masu kula da fitilu da sauti, duk don baƙi 'yan ɗaruruwa. In an ƙara ɗakuna don farashi ya sauko, ɗan wasan ba zai ƙara sanin kowa ba, kuma sanin nan shi ake sayarwa. In an bar su 100, farashi ba zai sauko ba. Gaba kura, baya sayaki.

Sai kuma sunan da aka yi ta kiran sa da shi. Da an ce wa mutane "wasan kwaikwayo ne na kwana biyu, ku ne 'yan wasan, ga gado in kun gaji," da sun auna shi da wani ma'auni. Amma da aka ce otal, sai kowa ya tuna abin da dala 1,200 ke saya a dare ɗaya a wani wuri: faffaɗan ɗaki, baranda mai kallon teku, wurin ninkaya. A nan kuwa ɗakin matsattse ne, gadon yara a cikin bango yake hawa biyu, wurin ninkaya babu, iskar waje sai a wani ɗan lambu guda ɗaya. Wanda ya je hutu ya tarar da jadawali, wanda ya je a yi masa hidima ya tarar shi ake jira ya yi aiki.

Ga ni, babban abin da ya kashe shi shi ne yana bukatar halaye uku a jikin mutum ɗaya: ya zama masoyin Star Wars na haƙiƙa, ya zama mai kuɗi, kuma ya zama marar jin nauyin yin wasan yara a gaban baƙi. Masu biyu daga ciki suna da yawa. Masu ukun sun yi rububi a watannin farko, suka je suka dawo, labarin kuma guda ɗaya ne ba ya canzawa. Mutum nawa ne za su sake biyan dala dubu biyar don a maimaita musu tatsuniyar da suka san ƙarshenta? A farkon 2023 aka fara rangwame har kashi 30 cikin 100 ga wasu baƙi, a watan Mayu aka sanar da rufewa, kamfanin ya shafe kimanin dala miliyan 250 daga littattafansa saboda wannan gini.

Yanzu ga inda kake da gaskiya. Waɗanda suka shiga da zuciya ɗaya, da yawansu sun fito suna cewa ba su taɓa ganin irinsa ba. Disney ta ce yana cikin abubuwan da baƙi suka fi yabawa a tarihin filin, ya kuma samu lambar yabo ta Thea, wadda masu sana'ar gina wuraren shaƙatawa ke ba junansu. Da aka ce za a rufe, sauran guraben nan da nan suka ƙare. Ni ban shiga ba, aljihuna bai ba ni izini ba, amma ba na raina hawayen babban mutum da ya ce wurin ya mayar da shi ɗan shekara tara.

Sai dai akwai sa'a a ciki, kuma wannan ne ya fi damuna a matsayina na wadda ta saba karɓar kuɗin mutane ta yi musu alkawari. Baƙi ɗaruruwa, manyan 'yan wasa 'yan kaɗan. Mai baki da ƙarfin hali ya kutsa ya samu labari har ya ture, mai kawaici ya tsaya a bayan taro yana leƙe, kuma kuɗinsu ɗaya. In wayarka ta yi gardama da manhajar, wani yanki na labarin ya wuce ka. Ɗaki mai kallon teku kowa ya biya zai ga teku. Wannan kuwa kana iya biya ka tashi da kallon ƙeyar wasu.

Kuma bari in ɗan rage maka zafi. An ɗora labarin ne a tsakanin fim na 8 da na 9, don haka da ka je, Rey da Kylo Ren za ka gani. Kai mai shekara 41, da Darth Vader da Luke ka tashi. Da wuya ka dawo ba ka ce "ina nawa mutanen?" ba.

Kuɗin da ka tara kada ka ce sun rasa wurin zuwa. Unguwar Galaxy's Edge, wadda a da ake kai baƙin otal ɗin yawo a rana ta biyu, tana nan tun 2019, a Fulorida da Kalifoniya, kuma tikitin shiga fili na kowa da kowa ya isa. A can ɗanka zai zauna a kujerar tuƙin kumbon Millennium Falcon, zai kuma iya harhaɗa takobinsa na haske da hannunsa in ka yarda ka rabu da sama da dala 200. Wannan karon ka gaya wa uwargida kafin ka taɓa asusun.

Tambaya: Anti, ina da yara uku, ɗan shekara 4, 'yar shekara 7 da ɗan shekara 13. Muna shirin zuwa Legoland, wurin shaƙatawar yara da ke Ingila. Otal ɗin da ke cikin wurin ya kusa ninka wanda ke 'yar tazara a waje. Ƙananan sun ga hotonsa sun hana ni sakat. In biya ko in daure? — Maman yara uku

Amsa: 'Yar'uwa, ki biya dare ɗaya, ki daure sauran.

Bari in ba ki labarin kaina. Shekarun baya na kai 'ya'yana wani otal a Turai da aka gina shi kamar fadar sarakunan da, sunansa ba sai na faɗa ba. Dare uku na biya, na cika baki a gida. Daren farko kam kuɗina sun fito: ƙaramar ta tsaya a bakin ƙofa ta kasa shiga, ta juyo ta tambaye ni a hankali ko sarkin ya san mun zo. Washegari muka fita ƙarfe takwas na safe, muka dawo tara na dare ƙafafu sun kumbura, suka zube da takalmansu. Garkuwar da ke bango ba wanda ya ƙara ɗaga ido ya kalle ta. A dare na uku ni kuma na fara ganin abin da ado ya rufe: fentin "dutsen" bango ya ɓare ana hango katako, katifa ta lotsa a tsakiya, abincin safe sai an bi layin rabin awa. Na gane ashe dare biyu na biya kuɗin fada don mu yi barcin da za mu iya yi a ko'ina.

Irin otal ɗin da kike magana ya bambanta da wanda magidancin can ya rasa. Nan ba a neman ki yi wasa, ado ne da ƙananan dabaru, kuma Legoland ta iya su. Otal ɗinta na Windsor tun 2012 yake. Ɗakuna an yi musu fasali, wannan na 'yan fashin teku, wancan na jarumai masu sulke. Yara suna da nasu lungu da gado mai hawa biyu. Akwai ƙaramin akwati mai lambar sirri a ɗakin, sai sun ƙirga wasu abubuwa a bango da kafet sun haɗa lambar kafin ya buɗe su sami 'yar kyauta.  Ga ɗan shekara 4 da 'yar shekara 7, wannan duniya ce guda. Amma ki lura, duk abin mamaki ne na karon farko. Akwati sau ɗaya yake buɗewa.

Babban naki kuma, ki shirya wa ɗaure fuska. An tsara Legoland ne don 'yan shekara 2 zuwa 12, shi ya riga ya ƙetare. Kada ki ji haushinsa in ya zauna a kan gadon 'yan fashin teku yana latsa waya, ba rashin godiya ba ne, shekaru ne.

Abin da nake so ki auna da gaske ba adon ba ne, kusancin ne. Mai ɗan shekara 4 ta san abin da ke faruwa ƙarfe biyu na rana: kuka, birgima a ƙasa, kowa ya rasa inda zai sa kansa. In ɗakinki na bakin ƙofar filin, ki ɗauke shi ya yi barcin awa ɗaya ku koma. In sai kin nemi mota, ranar ta ƙare ke nan, tikitin da kika saya da tsada ya tafi rabi a banza. Don haka ki sa daren mai tsada a tsakanin ranakun shiga fili biyu, ba daren isowa da kuka kwaso gajiyar hanya ba, ba kuma daren tafiya ba.

Sannan ki karanta abin da ke cikin farashin kalma bayan kalma, don a nan ake cin riba a nan ake faɗuwa. Misali daga Orlando: otal uku na kamfanin Universal mai wuraren shaƙatawa, wato Portofino Bay da Hard Rock da Royal Pacific, suna ba duk wanda ke ɗakin takardar tsallake layi ba iyaka a tsofaffin filayensu biyu, abin da in saya za a yi wa mutum biyar ɗaiɗai a lokacin cunkoso yana iya kai kuɗin ɗakin kansa. Amma Helios Grand, sabon otal ɗinsu da aka buɗe a 2025 a jikin filin Epic Universe, duk kyansa da tsadarsa ba ya ba da ita. Otal-otal ɗin Disney na can kuwa minti 30 suke ba baƙinsu su riga jama'a shiga da safe. Kin ga tsada ba ita ke nuna abin da za a ba ki ba. Ki tambayi naki: tikitin shiga na ciki? Na kwana nawa? Abincin safe fa? Ajiye mota? Ɗaki ɗaya zai ɗauki ku duka, ko sai biyu? Ki kuma gwada ranakun tsakiyar mako a wajen hutun makarantun Ingila, za ki ga farashin ɗaki ɗaya ya sauya kamar ba shi ba.

Hotunan da yara suka gani na kamfani ne, an ɗauke su da fitila da gwanin hoto. Ki nemi waɗanda baƙi suka ɗauka da wayarsu a watannin nan, musamman na banɗaki da kafet.

Tambaya: Anti, ni ina son irin wuraren nan, amma maigidana mutum ne mai kunya. Ya ce in dai wani zai zo da kayan wasa ya ce masa ya yi ihu ko ya ɗaga hannu, ba da shi ba. Akwai wanda zai dace da mu? — Matar mai kunya

Amsa: Ƙanwata, mijinki ya san kansa, kuma wannan ya fi kuɗi amfani a wannan harka. Na ga maza da aka ja su irin wuraren nan suka wuni a tsaye kamar an dasa su, matan na jin haushi, su suna jin kunya, an biya kuɗi an sayo faɗa.

Ku nemi inda duniyar ke kewaye ku ba tare da ta nemi komai a wurinku ba. A Fulorida akwai Animal Kingdom Lodge na Disney, tun 2001, wanda aka gina a tsakiyar wani fili da raƙuman dawa da jakunan dawa da sauran namun daji ke kiwo. Mutum ya zauna a barandarsa da kofi a hannu yana kallo. Sai dai ba kowane ɗaki ke kallon dabbobin ba, mai kallon su ya fi tsada, kuma otal ɗin yana can gefe, duk filin da za ku sai da bas ko mota.

In tarihi yake so, ku duba Puy du Fou a yankin Vendée na Faransa. Wurin ba lilo, wasannin tarihi ne manya da ake zama a kalla, da dawakai da jiragen ruwa da tsuntsaye. Masaukansu kowanne da zamaninsa: akwai bukkoki masu rufin ciyawa a kan ruwa, akwai gida irin na Rumawa, akwai tantuna masu ado da aka kwaikwayo daga haɗuwar sarkin Faransa da na Ingila a 1520. Da Faransanci ake wasannin, amma akwai fassara a manhajarsu. A Japan kuma akwai MiraCosta, wanda ke cikin filin Tokyo DisneySea kansa, wasu tagoginsa na kallon tashar ruwan da ake wasan dare a kai. Shi sai an kama ɗaki da wuri ƙwarai.

Da ni ce ke, na dabbobin zan fara kai shi. Ki tabbatar an rubuta miki a takardar kama ɗakin cewa mai kallon filin dabbobi ne, kada ki yarda da "za mu duba in kun iso." Ki sa masa kujera a baranda da yamma, ki ƙyale shi. Raƙumin dawa ba zai ce masa ya ɗaga hannu ba.